Ido Ne Ƙarshe

Fensirin ya sake kuɓucewa daga yatsunsa, ya gangara ƙarƙashin gado. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa da suka daɗe da yi mini tawaye, na lalubo shi.

"Maƙwabciya, feƙe mini shi," in ji Mai Zane. "Da reza fa, ba da abin nan na 'yan makaranta ba."

"Kana kwance kana mulki," na ce. "Hali dai zanen dutse."

Ya yi dariyar da ta ƙare da tari. Da na miƙa masa, ya gyara allon katakon a kan gwiwarsa, ya karkata shi yadda ba zan ga takardar ba. Likita ya sallamo shi ne da cewa a riƙa ba shi duk abin da ransa yake so, kowa kuwa ya san fassarar wannan magana. Shi bai nemi nama ba, bai nemi madara ba. Takarda ya nema, mai kauri, da fensir.

Katanga ɗaya ta raba gidajenmu tun ina amarya. Ni tela ce, ƙarar kekena ita ce rediyonsa, ni kuma ƙanshin tawadarsa ya bi duk atamfar da na shanya. Da allon shagon aski ya fara, yana zana kawunan samari. Wata rana wani edita ya zo aski, kafin a gama masa ƙeya ya tarar da fuskarsa a jikin kwalin sabulu, har da kumburin fushin da ke goshinsa. Maimakon ya yi faɗa, sai ya ɗauke shi aiki a jarida. Kotu suka riƙa tura shi, inda ba a shiga da kyamara, wani alƙalin ma ko fensir ba ya yarda a fito da shi. Sai ya zauna ya zuba ido kawai, ya dawo gida ya rufe ƙofa, ya juye mutane a takarda kamar ya kwaso su a aljihu. Daga nan ya saba, bai ƙara zana mutum yana gabansa ba. Kuma kullum ido yake bari ƙarshe.

"Da ka sa ido, zane ya fara kallonka," haka yake cewa. "Daga nan ba kai ke da iko da shi ba."

Matarsa aminiyata ce. Ko sau ɗaya ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba. In mai hoto ya shigo layinmu sai ta murguɗa baki ta ce, "Ni da nake auren mai zane, me zan yi da hoto?" Shi kuma kullum sai ya ce gobe zai zana ta, ai tana nan, ina za ta? Ta rasu 'yarsu tana rarrafe. Mutumin da ya zana alƙalai da ɓarayi da 'yan dambe ya wayi gari ba shi da fuskar matarsa ko a bayan ambulan.

Yarinyar, da muke kira 'Yar Baba, ta girma ta zama mai ɗaukar hoto a jarida. Ta ɗauki fuskokin da ba sa ƙirguwa, amma ba ta san ta uwarta ba. Tana ƙarama ta roƙe shi ya zana mata uwarta, ta yi kuka, ta yi yajin cin abinci. Ya ce hannunsa ba zai iya ba. Ni na san ba hannun ba ne. Tsoro yake kada matar ta dube shi daga takarda.

Yanzu da kansa ya fara zana matar, ga hannu yana rawa, ga numfashi yana yankewa. Layi biyu zai ja ya huta. 'Yar Baba ta tare ni a tsakar gida, idonta ya yi ja.

"Inna, zai gama kuwa?"

"Ubanki bai taɓa kai wa edita rabin aiki ba," na ce. Na faɗa ne kawai, ni kaina ban tabbata ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargonsa. Ya kira ni da hannu.

"Zo ki duba. Ke kaɗai kika rage da za ki ce na yi ƙarya."

Ya juyo allon. Wallahi sai da na dafa bango. Ita ce. Ga ɗaurin ɗankwalinta da ke zamewa gefen hagu, ga ɗan tabon da murfin tukunya ya yi mata a haɓa, ga leɓen nan da ya ɗan tashi, kamar yanzu za ta ce mini ɗinkina ya karkace. Abin da ni kaina na manta, wannan tsoho yana ɗauke da shi shekara da shekaru bai zubar da ko ɗigo ba. Sai dai gurbin idanun fari fat, babu komai.

"Sun ɓace mini," ya ce a hankali. "Na neme su, na rasa. Na ƙi kallonsu har suka yi fushi suka tafi."

'Yar Baba tana bakin ƙofa da kofin ruwa, ba ta ga takardar ba tukuna. Ta ɗago kai jin muryarsa ta karye, hasken tagar ya sauka a fuskarta. Na ga ya ƙura mata ido, irin kallon da yake yi wa mutane a kotu.

"Ashe nan ta bar su," ya ce. "'Yar Baba, ajiye ruwan nan. Zauna a gabana, ki dube ni."

"Baba, ai ba ka zana mutum yana zaune."

"Yau zan yi. Kar ki ƙifta da yawa."

Ta zauna a bakin gadon. Na riƙe masa allon, don gwiwarsa ta daina ɗauka. Abin da na gani ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina. Hannun da ya kasa riƙe cokali ya tsaya cak, rawar ta ɗauke. Ya dube ta, ya ja layi, ya sake dubanta. Hawaye yana zubo mata, ba ta share ba, ba ta motsa ba. Babu abin da ake ji a ɗakin sai ƙarar fensir a kan takarda. Ya gama na dama, ya huta, ya gama na hagu. Sannan ya ɗauki ɗan guntun robar goge rubutu ya ɗiga haske a cikin kowanne.

Ya daɗe yana kallon takardar.

"To, ga ni," ya ce wa matar da ke takardar, ba mu ba. "Na daɗe, ko?"

Ya sa hannu ya tura allon wajen 'yarsa. "Gai da uwarki."

Ta karɓa da hannu biyu. Tana cikin kallo ne na ji fensirin ya faɗi, ya gangara ƙarƙashin gado. Na dubi Mai Zane, na yi salati a hankali, na shafa masa idanu na rufe su.

Ban gaya mata nan take ba. Na bar ta ɗan lokaci kaɗan a bakin gadon, cikin hasken hantsi, ita da uwarta suna kallon juna.