Tayil Na Uku Daga Taga

Kwana biyu kacal Auta ta samu, kwanakin da Inna ta yi a gidan Yaya tana hutawa da ciwon ƙafa. Auta kuwa irin mutanen nan ce da ba sa ganin tsaga su bar ta ta kwana. Tun tana ƙarama take jin kunyar kicin ɗin mahaifiyarta: tayil ruwan ƙasa mai zanen fulawa, wani ya tsage, wani bakinsa ya gutsure, tsakaninsu ya yi baƙi ƙirin da maiƙo.

Ba ta kashe wani abin kirki ba. Farin siminti rabin leda, samfefa, gwangwanin fenti da buroshi. Ta wanke bangon da ruwan zafi, ta cike kowace tsaga, ta goge har ya yi sumul, ta shafa farin fenti sau biyu. Har tsohuwar ƙusar da ke kusa da murhu sai da ta zare.

Tana da dalilinta. Yaya ya matsa Inna ta tattara ta koma gidansa, wai ta tsufa da zaman kaɗaici. Inna kuma ta rantse muddin tana iya dafa wa kanta shayi, ba inda za ta. Auta tana goyon bayan Inna, kuma a ganinta kicin mai kyau zai rufe bakin Yaya.

Da hantsi Yaya ya kawo Inna. Ya tsaya a bakin ƙofar kicin yana kaɗa makullin mota.

"Warin fenti nake ji," in ji Inna.

"Duba mana, Inna! Sai ka ce kicin ɗin amarya. Saura mu nemo miki ango," in ji Auta.

"Ja'ira. Ya yi kyau, Allah ya yi albarka."

Auta ta lura bangon da Inna ke yabawa ba shi aka yi wa fenti ba, amma murna ta hana ta tsayawa a kai.

"Bari in ɗora muku shayi," Inna ta ce da ƙarfi, don Yaya ya ji.

Ta ɗora tafin hannunta a bango daga jikin taga, ta fara jansa a hankali. Ya wuce tayil ɗaya, biyu, uku, ya ci gaba da tafiya. Ta dawo da shi ta sake. A karo na uku hannun ya sauka ya ture kwalbar sukari, ta tarwatse a ƙasa.

"Ina tsagar?" Muryarta ta yi ƙasa. "Ta uku daga taga. A ƙarƙashinta ashana take. Mai gutsurarren baki, gishiri. In na taɓa ƙusa, taku ɗaya ne zuwa murhu."

Makullin ya daina ƙara a hannun Yaya.

"Inna, tun yaushe?"

"An fi shekara. Haske nake gani, sai inuwa."

Auta ta kalli farin bangon. Ashe abin da ta kwana biyu tana gogewa da waƙa a bakinta, da shi tsohuwar take gani. Auta ta fizgi wuƙa, ta ƙirga uku daga taga, ta hau kankare fentin tana kuka.

"Zan maido miki, Inna. Wallahi yanzu zan maido. A nan take, ko? Nuna min."

Inna ta bi ƙarar, ta lalubo hannun 'yarta ta riƙe.

"Bari, Auta. Kar ki ɓata aikinki. Ai Yayanki ya riga ya gani."

Ta sake shafa bangon sau ɗaya, kamar mai shafa kan yaro, sannan ta juya wajen da take jin numfashin ɗanta.

"Jakata tana mota?"

"Tana ciki, Inna."

"To, bar ta a can."