Rantsuwar Levi

Ni Lai'atu, ban taɓa jin kunya irin ta ranar da aka kira ɗana Levi shaida a gaban mai unguwa ba.

Shekara guda ke nan bayan rikicin Kafanchan, zukata ba su huce ba. Shanu suka tattake gonar cittar mijina Meshak a Godogodo, mutane suka ce na Jibir ne, Bafulatanin da ke zaune bayan rafi tun ina amarya. Meshak ya kai ƙara. In laifin ya tabbata, sai ya tashi da rugarsa. Levi kaɗai ya ga abin, yana dawowa daga makarantar da yake koyarwa. Ya ce garken wasu baƙi ne masu wucewa.

A wurinmu ba a karɓar shaida sai da rantsuwa. Aka shimfiɗa tabarma, aka ajiye Littafi Mai Tsarki, da Alƙur'ani cikin gafaka, da gatari na masu bin hanyar kakanni. Levi kuwa tun da ya dawo daga jami'a yake cewa bai yarda akwai Allah ba. Ubansa dattijon coci ne, kullum cewa yake yarinta ce, za ta wuce.

"Ranka ya daɗe, ba zan dafa ko ɗaya ba," in ji Levi.

Mai unguwa ya ce, "To kawo littafin naka addinin. Ai cewa babu Allah ma imani ne, tun da ba ka leƙa sama ka gani ba."

"Ba addini ba ne. Wanda bai shuka komai ba, ba a tambayarsa me ya shuka."

Kai, yaron nan da baki. Da ina kusa da na murɗe masa kunne.

Mai unguwa ya ce Allahn kakanninmu yana nesa, amma ya bar aradu ta kama maƙaryaci. Meshak ya ce a'a, Allah Uba ne, yana tsaye a ƙofa yana jiran ɗan da ya ɓata, kuma da yake faɗa bai dubi kowa ba sai ƙasa. Jibir ya ce shi dai a saninsa Allah bai haifi kowa ba, ba ya kama da komai, amma yana ji. Sai ya juya wajen Levi.

"Malam, in ka ce takarda ce kawai, me zai rage ka? Dafa mana. Ina da 'ya'ya."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Levi ma na ga idonsa ya kaɗa.

"Baffa, in na dafa na ce da sunan Allah, na fara da ƙarya ke nan. Yaya za a yarda da abin da zai biyo baya?"

Mai unguwa ya ce ba rantsuwa, ba shaida. Ya fara gyara zama zai yanke hukunci, sai Meshak ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, yaron nan na roƙe shi, na yi fushi, uwarsa ta yi kuka, ko don mutuncina ya zo coci ya zauna a baya ya yi shiru. Ya ƙi. Wanda ya ƙi yin ƙarya don ubansa ba zai yi ta don shanun Jibir ba. Na janye ƙara."

Jibir ya kama hannunsa yana ta godiya. Meshak ya ɗauki Littafinsa ya goge ƙurar bangon da bakin riga.

A hanyar gida na ce wa Meshak abin kirki ya yi. Da muka wuce gonar ya juyo gare ni.

"Lai'atu," ya ce, "ashe ba yarinta ba ce. Da gaske yake."