Ledar da Ta Tsage

Ɗalibar ta sa hantsaki ta ɗago ledar daga farantin gilashi, sai ta tsage gida biyu.

"Innalillahi! Dakta, zo ki gani."

Dakta, mai duba aikinta, ta taso jiki a sanyaye. Wata huɗu ɗalibar ta yi tana haɗa wannan leda, siririya kamar ɓawon albasa, wadda ake sawa a tsakiyar batirin da ke ba da wuta daga iskar haidirojin. Da ita za ta kammala digirinta na biyu. Jiya ta bar ta ta bushe a tanderun lantarki, zafi na kan sittin. Ga ta yau ta yi ja, ta yamutse.

Dakta ta san abin da ya faru. Jiya da la'asar ita ta murɗa zafin zuwa ɗari da hamsin don ta busar da kwalabenta, ba ta lura da farantin da ke can ƙasa ba. Maigidanta ya yi ta danna mata hon a waje, ta kwashe kwalaben ta fice. Da safe ta riga kowa zuwa, ta mayar da zafin kan sittin, ta zauna.

Farfesa, shugaban sashen, ya shigo ya duba.

"Rabin hankalinki na gida wurin jariri," ya ce wa ɗalibar. "Bana kam ba ke ba kammalawa."

"Ranka ya daɗe, tanderun ya tsufa," in ji Dakta. "Wataƙila shi ne."

"To, a kira mai gyara."

Da azahar ɗalibar ta jawo kujera kusa da Dakta, ta buɗe kular abincinta, ta miƙa mata cokali, ta ɗauki nata. Idanun ɗalibar sun kumbura.

"Ci mana, Anti. Yau ke kaɗai kika tsaya mini."

Dakta ta kai loma ɗaya, ta ajiye cokalinta.

Mai gyara ya leƙo yana goge hannu da tsumma. "Lafiyarsa ƙalau, Hajiya, ya fi ni lafiya ma. Sai dai in hannu ne ya taɓa shi."

Ɗalibar ta sunkuyar da kai. "To ni ce ke nan. Kwana biyu ko sunana sai na yi tunani."

Dakta ta jira har mai gyara ya fita. Ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna.

"Ajiye cokalin nan, ƙanwata," ta ce. "Ba ke ba ce."