Kujerar Taga a Motar Ƙarfe Bakwai

Malam Biro yana cikin yaga wa wata tsohuwa tikiti Dogo direba ya leƙo ta ƙaramar tagar, sai da ya ranƙwafa saboda tsayinsa.

"Yaya, ƙarfe goma sha ɗaya kwamiti zai zauna. Manaja ya ce in ba ni da shaida a rubuce, in ajiye makulli, lasisina ma su riƙe."

Sati uku ke nan da bas ɗin Dogo ta ƙwace a gangaren kasuwa ta daki katangar wani shago. Ba a rasa rai ba, sai wani mai tura baro da ya karye a ƙafa. Kamfani ya ce gudu ne. Dogo ya yi rantsuwa har muryarsa ta dishe cewa birki ne, kuma da safiyar ranar ya gaya wa Bakanike. Amma littafin rahoton gyara a wannan rana fari ne fat, Bakanike kuma ya ce shi bai tuna ba. 'Ya'ya huɗu Dogo yake ci da su da wannan sitiyari.

"Kowa a tashar nan ya san ba abin da ke giftawa ta gaban tagar nan ba ka rubuta ba," in ji Dogo. "Ko akuya ce ta yi atishawa. Don Allah ka duba mini, Yaya."

Malam Biro ba ya bukatar dubawa. Tun washegarin hatsarin ya buɗe shafin ranar a nasa littafin, ya ga maganar tana nan, ya rufe ya tura littafin can ƙarshen aljihun tebur. Sati uku yana gaisawa da Dogo yana kawar da ido, abin kuma yana cin sa.

Shekara goma sha tara yana sayar da tikiti, kuma duk tsawon lokacin nan yana da littafin da yake zuba abin da ya gani tsakanin mota da mota: wanda ya manta jaka, wadda ta yi kuka a layi, kalar hadari. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa karantawa. Matarsa ta kan ce da takarda na ƙosar da mutum, da shi ne ƙaton gidan. Ita motar ƙarfe bakwai take bi zuwa asibitin da take aikin wanki, kujera ta huɗu, ta bakin taga. Shekara biyu ke nan da rasuwarta, amma a littafin ba ta fasa shiga mota ba ko sau ɗaya. Kullum da safe sai ya rubuta zuwanta, da zanen da ta ɗaura, da faɗan da ta yi masa a kan wuyan rigarsa. Ya san ba ta nan, hankalinsa ƙalau. Kewarta ce kawai take yi masa yawa, in ya rubuta sai ya samu ya iya kai yamma.

Matsalar ita ce a shafin ranar hatsarin matar tasa tana tsakiya, tsakanin ƙorafin Dogo da tashin mota. Ba yadda za a yage ta a bar sauran. Ya yi tunanin kwafe maganar birkin a sabon shafi, sai ya ga wannan zai zama ƙarya ta farko da ya taɓa yi wa littafin da gangan.

Sha ɗaya saura biyar ya rufe taga, ya sa littafin a hammata, ya hau bene.

Ofishin Manaja ƙarami ne, fanka na juyawa tana ɗaga kusurwar takardu. A kan dogon tebur akwai wata mata mai tabarau da ofishin lasisi ya turo ta shugabanci zaman. Manaja na damanta, Bakanike na can ƙarshe ya haɗa hannuwa a kan tebur, Dogo kuma a tsaye kamar ɗalibin da aka kama a bayan aji.

"Ranki ya daɗe, mu a nan ƙa'idarmu ɗaya ce," Manaja yake cewa. "Abin da ba a rubuta ba, bai faru ba."

"To, an rubuta," in ji Malam Biro daga bakin ƙofa. Shi kansa sai da ya ji muryar tamkar ba tasa ba.

Matar ta karɓi littafin, ta duba shafin baya da na gaba ta ga kwanakin a jere, sannan ta fara karantawa a bayyane. "Bakwai saura kwata. Dogo ya tare Bakanike a gaban tagata, ya ce birki na nutsewa, sai ya taka sau biyu yake kamawa." Dogo ya saki ajiyar zuciya. Ta ci gaba. "Bakwai saura goma ta iso, da zanenta mai ruwan ganye. Ta ce na sake fitowa da wuyan riga a naɗe, kamar marar mata. Ta zauna kujera ta huɗu." Ta ɗago kai. "Wace ce wannan? In fasinja ce, sai mu kira ta ta ba da shaida."

Da Malam Biro ya ce wata fasinja ce da bai san gidansu ba, da an wuce wurin. Ya buɗe baki, sai ya ji ba zai iya mai da ita wata ba.

"Matata ce."

Manaja ya gyara zama. Ba mugun mutum ba ne, amma kamfani yake karewa. "Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri. Matar nan da ni aka kai ta makwancinta shekara biyu da suka wuce. In littafi yana saka matattu a mota, yaya za a yi mu yarda da birkinsa?"

Dogo ya sunkuyar da kai, don bai taɓa sanin wannan ne abin da ya roƙa a fito da shi ba. Kunya ta lulluɓe Malam Biro tun daga wuya har tafin ƙafa.

"Gaskiya ya faɗa," ya ce. "Ba ta shiga mota ba. Ita ina rubuta ta ne don ba ta nan, kuma ba na son ta ƙarasa tafiya. Sauran kuwa ina rubuta su ne don suna nan, ba wanda yake kallonsu. Ban taɓa rikita biyun ba, ranki ya daɗe. Ko sau ɗaya."

Matar ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau. Sannan ta mai da ido kan shafin. "Akwai saura. Bakanike ya ce gobe. Yana magana yana tsotsar babban yatsansa na dama, guduma ta daka shi, farcen ya yi baƙi ƙirin."

Hannun Bakanike ya zame daga kan tebur a hankali ya shige ƙasa. Kowa ya gani.

"Malam, mu ga hannun," ta ce.

Ya ɗago shi. Farcen ya fara tofo, ƙasansa fari, samansa har yanzu baƙi. Bakanike ya tsaya yana kallon yatsan kamar yau ya fara ganinsa.

"Ya gaya mini," ya ce da ƙyar. "Hannun ne yake mini zugi, ko biro na kasa riƙewa. Na ce gobe zan rubuta, in duba motar. Da abin ya faru kuma sai tsoro ya kama ni."

Matar ta rubuta wani abu mai tsawo. Ta ce Dogo ya koma bakin aiki ranar Litinin, batun Bakanike kuma kamfani ya ji da shi, amma a tuna da bakinsa ya faɗi gaskiya. Daga nan ta buga hatimi a kan shafin, daidai gefen zane mai ruwan ganye, ta ce littafin zai zauna a ofishinsu har a rufe fayil. Wata biyu, ko uku.

Malam Biro ya sauko ya buɗe tagarsa. Layi ya taru, ya yi ta yagar tikiti. Tsakanin mota da mota hannunsa sai ya kai aljihun tebur ya dawo wayam. Zuwa azahar duk tashar ta ji labari. Masu dako da suka saba tsokanarsa suka riƙa wucewa suna gaishe shi da ladabin da ya fi tsokanar ciwo. Abin da ya fi damunsa shi ne gobe da safe, ƙarfe bakwai saura goma.

Wajen la'asar inuwa ta rufe tagar. Dogo ne, ya ranƙwafo. Bai yi godiya ba, bai kuma ba da haƙuri ba, don ya san in ya fara kuka zai yi a gaban fasinja. Ya turo sabon littafi mai bangon kwali ta ramin da ake miƙa tikiti.

"Yaya, ranar Litinin ni ne da motar bakwai," ya ce. Ya murza makulli a hannu. "In ta zo, ka ce mata an gyara birki."