Wutsiyar Bonny

Wilf Thackray ya ɗaga wutsiyar duƙushiyar nan Bonny, wari ya doke shi har sai da ya kau da kai ya tofar da yawu. Daga tsakiya zuwa ƙasa naman ya yi baƙi ya kumbura, mugunya na tsattsafowa ta cikin gashi, ƙudaje sun yi mata caa. Da ya buɗa gashin da yatsa sai ya ga siririyar waya, an ɗaure ta tamau har ta nutse cikin fata. Bonny ta yi karkarwa ta buga kofato.

Kwanakin nan Wilf ba ya gonar. Ya tafi birni ne ɗauko 'yarsa Doreen daga asibitin masu tarin fuka, jiya da yamma bas ta sauke su. Likitoci sun ce za ta warware muddin ta samu iskar ƙauye da ɗaki marar danshi. Gidan da suke ciki kuwa na gonar ne, ana ba mai kula da dawaki shi, ranar da aiki ya ƙare gida ya ƙare.

Mista Garbutt, mai gonar, yana jingine a ƙofar barga da lofe a baki. Bai ɓoye komai ba, shi ya ɗaure wayar don wutsiyar ta ruɓe. Bara Bonny ba ta da ƙwari shi ya sa aka ɗaga yanke mata wutsiya, sai ga wannan doka ta farkon shekara ta hana guntule wa doki wutsiya, sai fa in likitan dabbobi ya shaida ciwo ne ko rauni. A faɗarsa matan London ne suka yi dokar, waɗanda ba su taɓa taka kashin doki ba. Dillalai kuma har gobe ƙugu suke son gani a fili, ba tsintsiya tana jan ƙasa ba.

"Cire wayar nan kafin likita ya iso," in ji shi. "Ƙofa ce ta datse wutsiyar. Kai ka bar ta a sake, iska ta bugo."

"Ni kuma, maigida? Ai ina birni."

"Kafin ka tafi mana." Ya karkaɗe lofen a jikin bango. "Yaya jikin yarinya? Ɗakin sama ba ya yoyo dai ko? Direban taraktan nan ya ishe ni, wai aure zai yi, yana neman gida. Na ce masa Wilf namu ne."

Wilf ya sa filaya ya datse wayar. Da ya jawo ta sai ta taho da fata, wani ruwa mai yauƙi ya bi masa hannu har gwiwa. Tun yana saurayi yake riƙe dawaki ana yanke musu wutsiya, sara ɗaya da ƙarfe mai zafi an gama, bai taɓa jin tashin zuciya ba. Wannan kuwa an bar dabba tana ruɓewa a tsaye, ana ba ta ciyawa safe da yamma ana jiran naman ya nuna. Ya jefa wayar aljihu don bai san inda zai yar da ita ba.

Da hantsi Mista Pickersgill, likitan dabbobi, ya iso a tsohuwar motarsa. Ya duƙa ya duba, ya bi zoben da wayar ta bari da ɗan yatsa, zagaye cif kamar an zana. Garbutt ya cika masa kunne da labarin ƙofa da iska.

"Ƙofofin yankin nan sun tsani dawaki bana," in ji likitan. "Duk gonar da na shiga sai in tarar ƙofa ta ci wutsiya. Ba ta cin kunne, ba ta cin ƙafa." Ya miƙe ya dubi Wilf. "Thackray, kai ba ka iya ƙarya ba, tun a wasan karta na sani. Ƙofa ce?"

Hannun Wilf yana cikin aljihu, wayar tana sukar yatsansa, har yanzu da danshinta. Fito da ita kawai zai yi. Ta ƙofar barga yana hango tagar ɗakin sama a buɗe, labule na kaɗawa, a can Doreen ke kwance.

"Ƙofa ce, yallaɓai," ya ce. "Ni na bar ta a sake."

Nan Garbutt ya hau shi da faɗa don likita ya ji. Ya kira shi sakarai, ya ce tsufa ya fara taɓa shi, ya ce ba don yana da tausayi ba da yau ya sallame shi. Wilf ya cire hula ya tsaya yana kallon ƙasa har aka gama. Likitan ya ce ko ma mene ne ya ci ta, yanzu dole a yanke, in ba haka ba ruɓar za ta hau baya.

Wilf ne ya riƙe kan. An yi allura, an yanka, an ƙone bakin raunin, ƙauri ya cika barga. Wutsiyar ta faɗi cikin ciyawa. Garbutt ya zagaya bayan Bonny yana murmushi, yana cewa yanzu ta zama doki, sannan ya ja likita zuwa gida shan shayi. A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce Wilf ya binne abin nan kafin karnuka su ja shi tsakar gida, ya kuma gai da yarinya.

Da rana Wilf ya wanke hannu da sabulu har fata ta yi ja, warin bai fita ba. Matarsa Enid ta ajiye masa burodi da kitse, ya ture. Daga sama Doreen ta kira shi, tana tambaya ko Bonny ta girma, ko wutsiyarta ta kai a yi mata kitso, don ita za ta yi da hannunta ranar da aka bar ta ta sauko. Ya tsaya a gindin matakala ya ce mata ta girma ƙwarai, ta rufe ƙirjinta kada sanyi ya kama ta.

Ya koma barga. Zafi ya yi yawa, ƙudaje sun rufe tsumman da aka naɗe raunin. Bonny tana ta kaɗa ɗan dungun da ya rage, hagu da dama, ba ya kai ko'ina.

Wilf ya ɗauko wutsiyar daga cikin ciyawa. Ya yanke gashin da bai ɓaci ba, ya wanke shi a bokiti, ya haɗa shi a bakin wani guntun sanda. Ya laluba aljihu neman abin ɗauri, wayar ce kaɗai a ciki. Da ita ya ɗaure.

Ya tsaya a bayan Bonny ya fara kore mata ƙudaje.