Sandar Giyar Hedimasta

Shekara goma sha takwas sandar giyar motar Hedimasta tana lilo. Shekara goma sha takwas ɗin nan yana kuka da ita a gaban mutane, yana gode wa Allah a ɓoye.

Motar ja ce, mai kujera biyu, ta girmi aurensa da shekara huɗu. In ka shiga sai ka ji kamar a ƙasa ka zauna. Komai nata lafiya lau, in ban da wannan sanda da ke yawo a raminta kamar ludayi a tukunyar da ba komai. Hedimasta kaɗai ya san inda giyoyin suka ɓuya. Ta ɗaya, sai ka jawo sandar har ta taɓa gwiwarka, ka girgiza ta sau biyu, sannan ka tura gaba a hankali kamar mai neman alfarma. Ta uku kuwa ba ta da mazauni, kullum sai an yi cigiyarta.

Shi ya sa bai taɓa hana kowa aron mota ba. Maƙwabci ne, suruki ne, duk wanda ya zo sai ya miƙa masa makulli da hannu biyu. "Haba, ai taka ce." Mutum ya zauna ya yi ta dama sanda har gumi ya jiƙa masa riga, ya fito ya dawo da makulli yana ba da haƙuri. Da haka Hedimasta ya yi suna a unguwa wajen sakin hannu, motarsa kuwa ba ta taɓa fita ƙofar gida da wani ba.

"Kayan gyaranta ne ba a samu," yakan ce, yana girgiza kai. "Kamfanin ma ya daina yi."

Ranar Talata ya je asibiti aka duba masa ido. Da ya dawo sai ya tarar da ƙofar garejin a buɗe, ƙafafun mutum suna leƙowa daga cikin motar. Sifana ne, ƙanin matarsa, bakanike, wanda tun yana ƙarami yake cin abincin gidan yana yi wa mai gidan shaƙiyanci.

"Kai! Wa ya ce ka taɓa min mota?"

"A'a, Yaya, sannu da zuwa. Ya idon? Sun ce yanzu za ka ga giya ta uku?"

"Fito min daga mota, mai hannun baƙin mai."

"Anti ce ta kira ni. Zo ka ga ciwon da ka ce ba shi da magani."

Sifana ya riga ya kwance kan sandar, ya ɗage fatar da ke rufe gindinta, ya cire noti huɗu, ya zaro ta gaba ɗaya. A ƙasanta akwai ƙwallon ƙarfe kamar lemon tsami. Wannan ƙwallo, in ji Sifana, a cikin wani ɗan kofin roba yake zama, kofin ne ke riƙe shi. Na motar Hedimasta ya daɗe da zama gari. Sifana ya kwashe garin a tafin hannu, ya nuna masa, ya hure. Sannan ya zaro sabo fari tas daga aljihu, ya shafa masa giris, ya danna shi a ramin.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Shagon bayan tashar mota, kwali guda gare su."

Uwargida tana tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannu. Shekara biyu ke nan da ta koyi tuƙi, tun da yara suka watse.

"Malam, ba ka ce komai ba. Abin da ka daɗe kana kuka da shi."

"Na rasa bakin magana ne," in ji Hedimasta. Kuma gaskiya ya faɗa.

Aka ce ya gwada. Ya zauna, ya taka kuloci, hannunsa ya jawo sandar zuwa gwiwa kamar yadda ya saba. Sandar ta ƙi. Ya girgiza ta, ta tsaya ƙyam kamar sabon soja. Ya matsa da ƙarfi, motar ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ta zabura, ta mutu.

"Yaya, ko in kira maka direba?"

Uwargida ta ce a ba ta ta ɗan ji. Da yatsu uku ta kama sandar, ƙwas, ta fice, ta zaga layin sau biyu, gyalenta yana tashi. Maƙwabci ya leƙo ta katanga yana tafa hannu.

"Alhamdulillahi, Hedimasta, ta gyaru! To ranar Asabar zan zo aron nan da ka daɗe kana yi min tayi."

Bayan abincin rana, da Sifana ya tafi, Uwargida ta shiga ɗaki ta kishingiɗa, Hedimasta ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya shiga gareji da sanɗa. Ai ya ga yadda aka yi. Kan sanda, fata, noti huɗu. Ya ɓanɓaro farin kofin da sukudireba, ya jefa a aljihu, ya mayar da komai. Ya kama sandar, ta yi lilo. Har da murmushinsa.

Ya jawo ta zuwa gwiwa, ya girgiza sau biyu, ya tura gaba. Babu giya. Ya sake. Babu. Ya nemi ta biyu, ya nemi ribas, sandar tana faɗuwa ko'ina kamar wuyan mai gyangyaɗi. Ashe garin nan da Sifana ya hure shi ne ke ɗan tokare ta. Lalacewar da ya haddace daban ce, wannan sabuwa ce, ba ta san shi ba.

Ya sake kwancewa. Ya yanko gefen tsohon silifas ya cusa, sandar ta maƙale a tsakiya, ya sake zaro ta ya ajiye a kan kujera. Ya ɗauko kofin ya fara goga shi a siminti, yana so ya tsofar da shi shekara goma sha takwas kafin matarsa ta tashi. Kofin ya tsage biyu.

Yana durƙushe, rabi a kowane hannu, ya ji ƙarar cokali a kofin shayi.

"Sannu da aiki, Malam."

"Dubawa nake. Yaron nan bai ɗaure da kyau ba."

"Haka ne." Ta ajiye shayin a kan bonet, ta kwance bakin gyalenta, ta ciro wani farin kofin roba. "Sifana ya ce in ajiye wannan, wai zuwa yamma za ka buƙata. Na ce masa mijina ba zai yi haka ba. Ka kunyata ni a gaban ƙanena."

Hedimasta ya miƙa hannu. Ta janye nata.

"Litinin da Alhamis motar tawa ce."

"Alhamis kawai."

"To zauna da silifas ɗinka."

Ya dubi sandar da ke kwance a kan kujera, ya dubi katangar maƙwabci.

"Shi kuma wancan fa? Asabar zai zo."

"Bar ni da shi. Ni ban yi suna wajen kyauta ba. Ce masa zan yi a'a."

Hedimasta ya dube ta. Bai taɓa tunanin ana iya yin haka ba.

"Litinin da Alhamis," ya ce.

Ta sa masa kofin a hannu, ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar ta zauna, ta gyara zama.

"Shafa giris ɗin tukuna. In ka gama ɗaurewa, sai in nuna maka inda ta ɗaya take."