Gidan Tamosta

"Ba haka ba, kafinta. Kankare bakin tukuna. In ka bar ɓurɓushin tsohon gasket, ruwa zai samu hanya."

Kafinta ya ɗago kai daga cikin injin ya dubi maƙwabcinsa. An fito wa bakanike da kujerar roba a inuwar katanga. Ƙafafunsa sun kumbura har an yanke maɗaurin silifansa, ga shi lulluɓe da bargo da rana tsaka. Tun da ƙodarsa ta tsaya, tsohuwar motarsa ke kai shi wankin ƙoda a asibitin babban gari, kafinta ke tuƙawa. Jiya motar ta fara yoyo ta gidan tamosta, ɗan murfin nan da babban tiyon lagireto ke shiga, mai rufe na'urar daidaita zafin inji. Da ƙyar aka samo wani na hannu wajen masu tsofaffin kayan mota, shi kaɗai ya rage. Layin bakanike yau ne da yamma. Na makon jiya ya wuce shi saboda injin asibiti ya lalace, likita kuma ya ce jikinsa ba zai ɗauki rashi na biyu ba.

"Yanzu sa tamostan. Sifirin ya kalli inji. Kai, juya shi! Ƙofa kake kafawa?"

"Yaya, ni fa katako na sani."

"Shi ya sa gadon da ka yi mini yake kuka har yau."

Kafinta ya yi dariya, ya zaunar da sabon gasket, ɗan faifan da ke hana yoyo, ya kifa murfin. Noti biyu ne. Bakanike ya ce a bi su kaɗan-kaɗan, wannan juyi ɗaya, wancan juyi ɗaya, kamar mai raba wa tagwaye abinci. Murfin ba ya son ƙarfi.

Matar bakanike ta leƙo da jakar asibiti a hannu. "Ku dai kuna ta hira, rana na tafiya."

Kafinta ya ƙara sauri. Hannunsa ya saba da ɗaure noti har sai katako ya yi ƙara, sannan ya yarda ya kamu. Ya manta da na hagu, ya danne na dama da dukkan kafaɗarsa. Wani abu ya ce ƙas.

Ya tsaya da sufana a hannu. Bakanike na kallonsa. Mutumin da ko yana kwance a ɗaki in ya ji mota ta wuce zai faɗi ciwonta, ba yadda za a yi wannan ƙarar ta wuce kunnensa.

"Yaya, na ji wani abu."

"Sufana ce ta zame."

"Ba ta zame ba."

"Ni ne bakanike ko kai? Ɗaure ɗayan, ka zuba ruwa."

Aka zuba, aka tayar da inji. Ba ɗigo ko ɗaya. Inji da sanyi ba ya tona asiri, kafinta bai san wannan ba.

Sun bar gari, sun wuce gada, allurar zafi ta fara hawa. Can tururi ya taso ta gefen bonet. Kafinta ya gangara gefen titi ya kai hannu ga murfin lagireto.

"Kada ka buɗe da zafi," in ji bakanike daga kujerar baya. "Fuskar taka dama ba ta da kasuwa."

Suka jira inji ya huce. Kafinta ya juye jarkar ruwan da suka taho da ita, suka ɗan taɓa tafiya, allura ta sake hawa. A tsayawar gaba ruwan shan majinyaci aka zuba. Daga nan ba ruwa, ba gida kusa. Matar ta tsaya a bakin kwalta tana ɗaga hannu, motoci na wucewa cike da mutane. Da wani mai motar itace ya yarda ya ja su, inuwa ta riga ta yi tsawo. A asibiti suka tarar an kulle ɗakin wanki, mai shara na goge baranda. Ya ce su dawo mako mai zuwa.

Matar ta zauna a kan matakala.

"Mu je gida, maman yara," in ji bakanike. "Dama na gaji da injin nan nasu. Ruwa ya shiga, ruwa ya fita, sai ka ce lagireto."

Bai kai mako mai zuwa ba. Ya rasu da hantsi, a kan gadon nan mai kuka.

Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, matar ta aiko wa kafinta da akwatin sufanu. Ta ce marigayi ne ya ce a ba shi. Kafinta ya ɗauki wadda ya yi aiki da ita ya nufi motar, tana nan inda aka jawo ta aka ajiye a gindin katanga. Ya kwance notin biyu kaɗan-kaɗan, wannan juyi ɗaya, wancan juyi ɗaya. Ya ɗaga murfin ya kalli rana da shi. Tsagar na jikin kunnen notin dama, siririya kamar gashi, haske na ratsowa ta ciki.

Kujerar roba na nan a inuwa, ba wanda ya shigar da ita. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, murfin a kan cinyarsa.